Yadda ake mayar da sharar gida taki a cikin gari

Kai juji gona ba sabon abu ba ne a ƙasar Kabi, domin tun kaka da kakanni manomi yakan kwashe sharar gidansa gab da damina ya zuba a gona. Abin da ya sauya shi ne abin da ke cikin jujin. Wanda ya duba bolar da ke unguwannin Birnin Kebbi irin su Badariya ko Bayan Kara zai ga ɓawon albasa da ganyen dogon yaro da kashin awaki, amma a cakuɗe da ledar fiyawata da fasassun kwalabe da matattun batura. Idan aka kai wannan gona, ruwan farko yana sauka ledar za ta fito fili, dabbobi su ci, daga baya mahauta su tarar da ita cunkushe a tumbi. Na ga mutane da dama sun fara haɗa taki a gida da kyakkyawar niyya sun watsar cikin wata biyu, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suke faɗuwa, wato wajen ruwa.

Kafin a kai nan, a fara raba shara tun daga madafa, domin tsince leda daga cikin ruɓaɓɓen abu aiki ne da ba wanda zai jure masa. Tsohon bokitin fenti mai murfi ya isa na kayan da ke ruɓewa, kamar ɓawon doya da dankali, ragowar kayan miya, ganyen shayi da ɓawon ƙwai. A rataye buhu ɗaya na leda, wani kuma na gwangwani da robobi da guntayen ƙarfe, waɗanda 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli. Kuɗin ba su da yawa, amma idan aka bar wa yaran gida su, to su ne za su riƙa tsare rabon ba tare da an yi ta faɗa ba. Batura da allurai da ragowar magunguna da famfas ɗin jarirai kada su kusanci taki ko kaɗan, haka nama da mai da kashin kyanwa ko na kare. Leda kuwa a daina ƙona ta a tsakar gida, domin hayaƙinta guba ne, musamman ga ƙananan yara da masu asma.

Sai wurin haɗawa. A zaɓi lungu mai inuwa, nesa da rijiya da kuma tagar maƙwabci. Da rani rami ya fi, mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, zurfin kamar rabin mita, saboda ƙasa tana tare iska da rana. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, rami tarkon ruwa ne, don haka a tara a kan tudu a yi masa rumfa da tsohon kwano. Ni ban yarda da haɗa taki a durom ba, ko da yake wasu suna yi, domin juya shi wahala ne kuma ƙasansa yakan jiƙe ya yi ɗoyi.

A shimfiɗa karan dawa ko ƙananan rassa a ƙasa domin iska ta samu hanya. A bi da busassun kaya, wato ganyen da aka share, yayin shinkafa ko yagaggen kwali, kaurin kamar taƙi ɗaya, sannan ɗanyun kaya daga bokitin madafa kamar rabin haka, sannan kashin awaki ko na kaji, a yayyafa ƙasa kaɗan a kai. Haka za a yi ta maimaitawa, busasshe kashi biyu zuwa uku, ɗanye kashi ɗaya. Ɓuntun shinkafa yana da arha a wajen masu injin casa, amma yana da taurin ruɓewa ƙwarai, saboda haka a sa shi jefi-jefi. Toka ma tafi ɗaya ko biyu ya wadatar, domin idan ta yi yawa tana korar sinadarin naitirojin ya fice a iska, wanda shi ne abin da ake nema a taki.

Yanzu batun ruwa, kuma a nan ne ni ma na yi asarar wata huɗu. Na cika ramina na farko a watan Disamba, na watsa masa bokiti ɗaya a sama, na rufe da ƙasa na tafi. Da na tona a watan Afrilu, ɓawon albasar yana nan da jansa kamar jiya aka ɓare shi, ganyen dogon yaro yana ƙaras-ƙaras a hannu, gara kuma ta cinye kwalin da karan. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shara ba sa aiki sai da danshi, iskar hunturu kuma tana tsotse danshin tari cikin 'yan kwanaki, balle zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. Ruwan da aka zuba a sama bayan an gama tarawa ba ya ratsa busasshen ganye, gefe yake bi ya gangara. Dole ne a jiƙa kowane hawa a lokacin da ake shimfiɗa shi, a cakuɗa da cebur har ganyen ya yi laushi, kafin a ɗora na gaba.

Gwajin da na dogara da shi na hannu ne. A zura hannu tsakiyar tarin, ba samansa ba, a damƙo a matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, kuma da aka buɗe hannu abin ya tsaya a dunƙule, to ruwan ya yi daidai. Idan ya warwatse, yana jin ƙishi. Idan ruwa ya zubo har gwiwar hannu, an wuce gona da iri, kuma wannan ne kuskurena na biyu, domin bayan na gane matsalar sai na sa aka riƙa juye ruwan wanke-wanke duka a ramin, da sabulunsa da maiƙonsa. Cikin mako guda wurin ya koma baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙudaje suka cika gidan, har wani dattijo maƙwabcina ya yi mini sallama ya ce, “Malam, a duba mana bayan katangar nan.” Ruwa ya toshe iska ke nan, kuma maganinsa shi ne a baje tarin, a ƙara busasshen ganye, a sake tarawa.

Ruwan wanke shinkafa da na wanke kayan miya da na alwala duk sun dace, saboda haka ba sai an sayi jarka daga mai ruwa ba. Na wanki da na wanka ne ba a so. Bayan an jiƙa, a rufe da tsohuwar tabarma ko buhunan algarara, kada a rufe da leda. Da rani a gwada kowane kwana uku. A kuma soka rodi a tsakiya a bar shi, idan aka zaro shi bayan kwana huɗu ko biyar ya kamata ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, domin tari mai lafiya yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Rodi mai sanyi a makon farko alama ce ta ƙarancin ruwa ko ƙarancin kashin dabbobi.

Daga nan a riƙa juyawa kowane mako biyu, na gefe ya koma ciki, na ciki ya fito, ana yayyafa ruwa yayin juyawar. Cikin wata biyu zuwa uku tarin zai ragu kusan rabi, ya yi baƙi-baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. A tace shi da ragar waya, a zuba a buhu a ajiye a inuwa. Masu rainon irin albasa da tumatir a fadama suna son mai laushin, haka masu shuka alayyafo a buhu cikin gida, inda ake haɗa kashi ɗaya na taki da kashi biyu na ƙasa. Guntayen da suka rage a kan raga a zuba su a ƙasan sabon rami, domin suna sa shi saurin kamawa.