Faibromayaljiya: yadda ake haɗa hannu a kula da ciwon jikin da gwaji ba ya nunawa

Ciwon jiki ko'ina, sama da ƙasa, dama da hagu, fiye da wata 3, ga kasala, ga mantuwa, ga barcin da ake tashi kamar ba a yi ba. Waɗannan su ne alamun faibromayaljiya, kuma ta fi kama mata. Gaɓoɓi lafiyarsu ƙalau, ƙwaƙwalwa da laka ne ke zuzuta saƙon zafi. Shi ya sa hoto da gwajin jini ba sa nuna komai, har a fara cewa ragwanci ne ko sammu.

A fara da ganin likita, misali a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya (FMC) ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, ya duba ƙarancin jini, maƙoƙo, sikila da sanyin ƙashi mai kumbura gaɓa. Zazzaɓi, rama ko kumburin gaɓa na nuna wani ciwon ne daban.

Idan faibromayaljiya ta tabbata, likita shi kaɗai ba ya isa. Ginshiƙin maganin yana hannun masu gashin ƙashi, domin shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, ta fitar a 2017 motsa jiki suka fi ba wa ƙarfi. A fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 da sanyin safiya, ko a tsakar gida ne, a riƙa ƙara minti 2 duk mako har a kai minti 30, sau 3 a mako. Makonnin farko ciwon kan ɗan ƙaru, kuma a nan ne da yawa ke bari. A rage tsawon tafiyar kawai, kada a daina.

Babban tarkon shi ne ranar da jiki ya yi daɗi. Sai mace ta haɗa wanki da daka da ɗiban ruwa a yini guda, washegari ta kasa tashi. A raba aikin, a huta kafin zafin ya taso. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai maigida da uwar miji sun fahimta, don haka a je da ɗayansu ya ji daga bakin likita.

Ƙwayoyi taimako ne. Likita kan fara da amitriptyline miligiram 10 da dare, maganin yana sa bushewar baki da nauyin ido da safe. Wasu a ba su pregabalin ko duloxetine, waɗanda ba a yanke su farat ɗaya. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun farko. Haɗin maganin gajiya na kemis da diclofenac ba sa taɓa tushen ciwon, sai cin ciki da ƙoda. Tramadol kuma yana kama jiki.

Ganin masanin halayyar ɗan Adam ba alamar taɓin hankali ba ne. Damuwa da rashin barci suna ƙara zafin, shi kuma yana koyar da dabarun rage su. A tsayar da lokacin kwanciya, a bar goro da baƙin shayi bayan la'asar, a rubuta awannin barci da tsawon tafiya a littafi domin ranar komawa asibiti.