Kurakuran da masu sabon lambu ke maimaitawa a Birtaniya

Duk shekara abin ɗaya ne. Rana ta ɗan leƙo a watan Afrilu, sai mutanenmu su kwashi tumatir da attarugu su dasa a bayan gida, bayan kwana uku ganyen ya yi baƙi ya kwanta. Hasken ranar ƙasar nan yaudara ne. Daren da sama ta washe babu gajimare shi ya fi haɗari, domin ɗumin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere, raɓa ta daskare a kan ganye kafin asuba. A kudancin Ingila hakan yakan kai tsakiyar Mayu, a arewa da Sikotilan kuwa har farkon Yuni.

Ni dai ba na fitar da komai sai ƙarshen Mayu, shi ma sai in sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10. Attarugu a shuka shi cikin ɗaki tun Fabrairu, a wuri mai ɗumin digiri 25 zuwa 28, in ba haka ba irin zai yi makonni bai tsiro ba. Tumatir ya jira Maris. Kafin dashe, a riƙa fitar da tukwanen da rana ana shigar da su da yamma, kwana goma zuwa sati biyu, su saba da iska. Wanda ya tsallake wannan kada ya zo yana cewa irin ne ba shi da kyau. Kuɓewa kuwa, in ba ka da ɗakin gilashi, ka haƙura da ita.

Sai ban ruwa safe da yamma kamar ana noman rani a Kadawa. Haba! Ƙasar lambuna da yawa a nan laka ce mai riƙe ruwa, saiwa takan ruɓe a ciki. Tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ajiye bokitin. In za ka zuba, zuba a gindi. Jiƙa ganyen tumatir a Yuli da Agusta gayyatar cutar da ke baƙanta ganye da 'ya'ya ce, tana iya cinye shukar cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake yaƙi da dodon koɗi da ɗan'uwansa marar ƙoƙo. Sun cinye alayyahu a dare ɗaya, sai mutum ya watsa guba ko gishiri ko'ina. Gishiri yana kashe ƙasar. Ƙwayoyin gubar dodon koɗi masu suna metaldehyde an haramta amfani da su a waje tun 2022, saboda suna cutar da tsuntsaye da bushiya, alhali su ne masu cinye maka ƙwarin. Ɗauki tocila bayan duhu ya yi, musamman daren da aka yi ruwa, ka tsince dodon koɗin da hannu. Ka kuma buɗe wa bushiya ƙofa a gindin shinge, santimita 13 tsawo da faɗi. Kada a ba ta madara, tana sa ta zawo. Ruwa da abincin kyanwa sun isa.

Yakuwa za ta ba ka ganye, amma kada ka jira zoɓo: ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuma sanyi ya riga ya iso. Shingen itatuwa a bar askinsa daga Maris zuwa Agusta, tsuntsaye na kwance a sheƙa, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta hana ɓata sheƙar da ake amfani da ita. Tarin itacen da za a ƙona a Nuwamba a ɗaga shi a duba tukuna, bushiya takan shige ƙarƙashinsa don barcin hunturu.