Yadda za ka rubuta Sinanci jimla-jimla a baƙin allon Linux

Baƙin allon Linux, wato tty, ba ya ɗaukar haruffa fiye da 512, su kuwa haruffan Sinanci dubbai ne. Shi ya sa sai an haɗa shi da fbterm, mai zana haruffa a allo, da fcitx, mai mayar da pinyin (rubuta sautin Sinanci da haruffan boko) zuwa haruffan Sinanci.

1. A Debian, girka kayan aikin:
sudo apt install fbterm fcitx fcitx-frontend-fbterm fcitx-libpinyin fonts-wqy-zenhei

2. Saka kanka cikin rukunin video da sudo usermod -aG video $USER, ka fita ka sake shiga.

3. Ba fbterm ikon kama maɓallai:
sudo setcap cap_sys_tty_config+ep /usr/bin/fbterm
Kada ka tsallake wannan, domin in babu shi Ctrl+Space ba zai amsa ba.

4. Buɗe ~/.fbtermrc, ka sa input-method=fcitx-fbterm, sannan font-names=WenQuanYi Zen Hei Mono. Tabbatar tsarin harshen na'urarka UTF-8 ne.

5. Rubuta fcitx-fbterm-helper -l, ka danna Ctrl+Space.

Yanzu gwada. Rubuta zhongguo a haɗe, 中国 zai fito, sai ka danna Space ka ɗauka. In ba shi kake nema ba, duba jerin zaɓin da ya fito, ka danna lambar da ke gaban wanda kake so. Ina ba da shawarar ka riƙa rubuta kalma ko jimla sukutum, domin sautin pinyin ɗaya kamar "shi" yana da haruffa barkatai, kuma libpinyin, injin pinyin da ka girka wa fcitx, na duba maƙwabtan kalma kafin ya zaɓa. Inda gaɓoɓi za su rikice, raba su da alamar ': xi'an zai ba ka 西安, xian kuwa 先.