Yadda ake aiki da zarton lantarki na hannu ba tare da ya yi maka tutsu ba

Ranar da zarton lantarki ya fara yi mini tutsu, falanki nake yankewa a wani kango. Na ɗora shi a kan bulo biyu, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, ni kuma ina yanka a tsakiya. Saura ƙiris in gama sai katakon ya lotsa, ya matse faifan, wato zagayayyen ƙarfen nan mai haƙora. Ban ga fitowar injin ba. Na dai ji iskarsa ta wuce ta gefen cinyata. Abu biyu Allah Ya sa suka cece ni: ban tsaya a bayansa daidai ba, kuma murfin ƙasa ya rufe haƙoran da kansa.

Sabon shiga yana tsoron gaban zarto, inda haƙora ke cin katako. Wanda ya daɗe a sana'ar bayansa yake tsoro, domin ta nan yake dawowa. Kuma yawancin abin da ke sa shi dawowa, tun kafin a danna kunama aka shirya shi.

Ka ɗan yi lissafi ka gani. Faifai mai faɗin milimita 185, wato inci 7 da kwata, yana juyawa wajen sau 5,500 a minti ɗaya. Bakinsa ke nan yana gudun kusan kilomita 190 a awa. In haƙoransa 24 ne, a daƙiƙa ɗaya haƙori yana wucewa sau 2,200. Babu hannun da zai riga wannan janyewa.

Da farko, wuta da waya

Duba farantin bayanai da ke jikin injin. Wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce, amma zartunan gwanjo da ake kawowa daga Amurka na bolt 120 ne. Can ne ma asalin injin: wani Edmond Michel ya ƙirƙiro shi a Niyu Olins a 1923, daga baya aka yi ta sayar da shi da sunan Skilsaw. Ƙarfen nasu yana da kyau, ba musu, sai dai in ka jona shi kai tsaye ba tare da taransfoma mai rage wuta ba, hayaƙi za ka sha.

Matsakaicin zarto yana cin wat 1,200 zuwa 1,800, kuma a lokacin tashi yana jan ninkin wannan ko fiye. Don haka ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin ba sa'ansa ba ne. In wuta ta yi rauni, injin yana nishi, gudun faifai ya ragu, koyil ya yi zafi, kuma faifan da ba ya gudu sosai shi ne mai maƙalewa. Haka doguwar siririyar waya take yi. Nemi mai kaurin murabba'in milimita 1.5, in nesa za ka ja kuma 2.5. In a naɗe take a kan gargare, warware ta duka, don naɗaɗɗiyar waya zafi take ɗauka. Tsirarun wayoyi biyu da ake cusawa a soket a tokare da tsinken ashana kuwa, a bar wannan. Filogi bai kai kuɗin asibiti ba.

Zaɓen faifai da ɗaura shi

Kafin ka taɓa faifai, zare filogi daga bango. In mai batir ne, cire batirin. Kashe makunni kawai bai isa ba.

Yawan haƙora shi ke gaya maka aikin faifai. Mai 24 na tsaga katako ne ta tsawonsa da yankan tu-bai-fo (katako mai inci 2 da 4) na rufi, yana da sauri amma bakin yankan ba ya laushi. Mai 40 ya fi dacewa da aikin yau da kullum. Mai 60 na filawud ne da MDF (allon da ake yi da matsattsen garin katako) da allunan da aka lulluɓe fuskarsu, inda ba a son ɓantarewa. Kada ka tsaga ɗanyen katako mai kauri da mai 60. Ramukan da ke tsakanin haƙoransa ƙanana ne, gari zai cushe su, katakon ya fara ƙauri.

Ramin tsakiyar faifai dole ya zauna daram a kan sandar injin. Akwai mai milimita 16, da 20, da 25.4, da 30. In ramin ya yi faɗi, akwai zoben ƙarfe da ake sa masa. Ba a cike shi da kwali ko salatif. Lambar gudun da aka rubuta a jikin faifan kuma kada ta gaza ta injin. Daga nan ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ido. Wanda ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko haƙoransa suka zube, ya gama aiki.

Danna maɓallin kulle sanda, ka kwance notin da sifanar da ta zo da injin. Ƙa'idar da ba ta cika kuskure ba: notin yana kwancewa ne ta ɓangaren da faifan ke juyawa. Goge wasoshin nan biyu da ke riƙe faifai, don ɗan gari kaɗan a tsakaninsu ya isa sa shi rawa. Kibiyar jikin faifai ta bi kibiyar jikin murfi, wato haƙoran gaba su kalli sama. Ɗaure da kyau, amma ba da guduma ba.

Murfin ƙasa

A nan zan ɗan daɗe. Ka zagaya wuraren gini za ka ga zartuna da yawa an ɗaure murfinsu da waya, ko an tokare shi da ƙusa, ko an cire shi ɗungurungum, wai yana hana ganin layi. Bayan ka saki kunama faifai yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, sai fa in injin mai birki ne. Zarton da ba murfi, in ka ajiye shi a ƙasa a wannan hali, haƙoransa za su kama ƙasa ya yi baya da gudu, kuma abin da ke bayansa ƙafarka ce ko wayarsa.

Kowace safiya, filogi a zare, ja murfin har ƙarshe ka sake shi. Ya kamata ya koma fat, ya rufe. In yana jan jiki, gari ne da ƙaro suka cushe shi, ko kuma sifirin ya saki. Share shi da busasshen buroshi. Kada ka zuba masa baƙin mai, don mai da garin katako in suka haɗu laka suke zama. In sifirin ne a canza shi kafin a yanka ko da sanda ɗaya.

Da yake ana maganar, akwai masu ɗaura faifan katako a jikin injin giranda, wato na yanka ƙarfe da goge shi. Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba ta da farantin da zai zauna a kan katako, ba ta da murfi mai rufewa da kansa. Ko ubangidanka ne ya miƙo maka, ka ba shi haƙuri.

Shirinka kai kanka

Gilashin kare ido, abin toshe kunne, da takunkumin ƙura. Ƙarar zarto tana kai wa wajen desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in aka daɗe ana ji. Ƙurar katako kuwa, hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa daji, musamman na hanci, kuma ta MDF ta fi laushi da saurin shiga ƙirji. Cire babbar riga, naɗe hannun taguwa, carbi ya koma aljihu. Safar hannu mai sako-sako ma haƙori yana iya fizgarta ya ja yatsu ciki. Sa takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Zurfin yanka

Kwance hannun saita zurfi, ɗora farantin a gefen katakon, ka sauke faifan har ya leƙo ƙasa da kaurin katakon da kamar milimita 3 zuwa 6, bai kai tsawon haƙori guda ba. Mutane da yawa suna barin faifan a ƙure ko da silin suke yanka. Duk abin da ya leƙo ƙasa fiye da ƙima, ƙarin ƙarfe ne da katako zai matse, kuma ƙarin haƙora ne a wurin da idonka ba ya gani. Faifan 185 ba ya wuce zurfin milimita 65 ko kusa da haka. In aka karkatar da shi digiri 45 sai ya dawo wajen 45. Ɗaure hannun zurfi da na karkata tam.

Shimfiɗa katakon: nan aikin yake

Tutsu yana faruwa ne idan tsagar da zarto ya buɗe ta rufe a kan faifai, ko faifan ya murɗe a cikinta. Haƙoran baya, waɗanda ke shiga ƙasa, sai su kama katakon, injin ya hau sama ya yo kanka. Saboda haka tambayar da za ka yi kafin kowane yanka ita ce: in na gama, ina kowane ɓangare zai faɗa?

In kana rage tsawon katako, babban ɓangaren ya zauna a kan benci a matse da abin ɗauri, guntun da za a cire ya fita waje yana lilo, yadda zai faɗi ƙasa shi kaɗai. Ba a yanka tsakanin matokara biyu, kuskuren da na yi ke nan. Yaron shago kuma kada ya riƙe guntun yana ɗagawa sama da niyyar taimako, don ɗagawar ita ke rufe tsagar. In dogo ne ya tallafe shi kawai a tafin hannu, nesa da zarto.

Fallen filawud mai ƙafa 4 da 8 ya fi son ƙasa. Jera tu-bai-fo huɗu a ƙarƙashinsa, biyu a kowane gefen layin, biyun ciki kusa da layin, yadda babu ɓangaren da zai lotsa. Fuskar da kake so ta yi kyau ta kalli ƙasa, tunda haƙoran daga ƙasa suke shiga su fito ta sama, kuma a wajen fita suke ɓantara.

Ɗanyen katako, irin malainar da aka tsago ba ta bushe ba, yana da halin rufe baki a bayan zarto idan ana tsaga shi ta tsawo. Ka tanadi 'yar tsinin katako ka cusa a tsagar bayan ka wuce. Tsohon katakon da aka ciro daga rufi ko daga kankare, bi shi ka cire ƙusoshi. Kuma ba a yanka a kan gwiwa, ba a riƙe guntu da hannu ɗaya ana yanka da ɗayan.

Yankan kansa

Ja layi da sukwaya, ka tuna faifan yana cinye milimita 2 zuwa 3, don haka ka bi gefen layin ta ɓangaren da za a yar. In dogon yanka ne, ɗaure miƙaƙƙen katako ya zama jagora, bayan ka auna tazarar da ke tsakanin haƙori da gefen faranti.

Wayar ta bi ta bayanka. Tsaya a gefe, kada cikinka ko cinyarka su yi saiti da faifan. Hannu biyu a kan injin, ɗaya a mariƙin baya ɗaya a na gaba; hannun da ke kan mariƙi ba ya yankuwa. Ɗora gaban farantin a kan katakon, faffaɗan ɓangarensa a kan wanda aka ɗaure, haƙora ba su taɓa ba tukuna. Danna kunama, jira ƙarar ta daidaita, sannan ka tura.

Kunnenka ne ma'auni. In ƙarar ta yi ƙasa, ka matsa da yawa, sassauta. In ka ga ka kauce wa layi kada ka murɗa zarton don ka dawo. Saki kunama, riƙe shi a wurin har faifan ya tsaya cak, sannan ka fitar ka sake shiga. Haka in ya maƙale. Ba a jan zarto baya yana juyawa. In za ka ci gaba daga tsakiya, daidaita faifan a tsagar yadda haƙora ba su ciji komai ba kafin ka kunna.

Da ka fita ƙarshe, saki kunama, ka ga murfi ya rufe, sannan ka ajiye. In wuta ta ɗauke kana cikin yanka, saki kunama ka zare filogi kafin ka je duba janareta.

Kula da injin

Bayan aiki, hure ramukan shan iska. Lokacin hunturu ƙura da gari suna haɗuwa su toshe su cikin 'yan kwanaki, injin ya riƙa zafi. Ƙaron da ke mannewa a faifai yana sa mai kaifi ya yi kamar dakusasshe; cire shi ka jiƙa a ruwan sabulu ko ɗan kananzir, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka shanya sosai. In bayan wanki har yanzu yana ƙona katako kuma sai ka danna da ƙarfi, ya dakushe ke nan. Haƙoran kabayid, wato ƙarfe mai tsananin tauri da ake mannawa a bakinsu, ba sa wasuwa da magagari, sai wurin masu injin wasa, ko a sayi sabo.

A gefen injin akwai baƙaƙen marufai biyu, a ciki kabon-buroshi yake, 'yan guntayen gawayin da ke isar da wuta ga ɓangaren injin mai juyawa. Ka riƙa leƙa su. Tartsatsi mai yawa, ko injin yana ɗaukewa yana dawowa, alamar sun cinye ke nan. Canza su biyun tare, da irin lambarsu. Wanda ya bar su suka ƙare ƙurmus, amecha zai saya, wato wannan ɓangaren mai juyawa. In ka ji gurnani ko faifan yana girgiza alhali notin a ɗaure yake, boris ne, kai wa mai gyara. Lokaci zuwa lokaci kuma ɗora sukwaya tsakanin faranti da faifai, musamman in injin ya taɓa faɗuwa, don lanƙwasasshen faranti ba ya yanka daidai.

Ajiye shi a akwatinsa, wurin da ba laima, wayar a naɗe sako-sako, nesa da hannun yara.

A shago kuma ya zamana akwai tsabtataccen ƙyalle da bandeji a inda kowa ya sani. In tsautsayi ya faɗa, a danne ciwon da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti; ba a zuba fetur ko ƙasa ko garin katako. In yatsa ya fita, a naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi tare da mai ciwon.