Yadda Ake Neman Ƙudan-Kunama Mai Rataya da Gane Shi a Damagaram

Ɗalibin da ya ga hoton ƙudan-kunama a littafi, jelarsa a lanƙwashe sama, kada ya ɓata lokaci yana neman irinsa a Damagaram. Wannan jela al'aurar namiji ce, ba ta harbi, kuma masu ita dangin Panorpidae ne da ke Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Rukunin gaba ɗaya, wato Mecoptera, yana da dangi 9 da nau'i fiye da 600, amma wanda Afirka kudu da Sahara take da shi shi ne dangin Bittacidae, wato ƙudan-kunama mai rataya, musamman jinsin Bittacus da masanin ƙwari Latreille ya raɗa wa suna a 1805.

A fita nema da damina, inda akwai inuwa da laima da doguwar ciyawa, kamar lambunan Mirya ko bakin tafkin Gidimuni. Da dare kuma a duba gindin fitila, domin haske yana jawo wasunsu.

Kallon farko za a ɗauka ƙaton sauro ne, saboda siririn jiki da dogayen ƙafafu, don haka a ƙirga fukafukai: nasa huɗu ne, na sauro biyu. Kansa ya miƙe ƙasa kamar bakin tsuntsu. Abin da ya fi tabbatarwa shi ne ƙafa, kuma sai an sa gilashin ƙara girma: kowace ƙafa farce ɗaya gare ta, gaɓarta ta ƙarshe tana naɗewa kan ta kusa da ita ta damƙe abu. Shi ya sa ba ya tsayuwa kan ganye, sai dai ya rataye da ƙafafun gaba, ya bar na baya suna lilo har ƙuda ko wani ƙaramin ƙwaro ya gitta.

In an ga namiji riƙe da ƙwaro, shawarata a dakata da kamu, domin a nan ilimin yake. Sau da yawa toshi ne: yakan saki ƙamshin da ke kiran mace, ya miƙa mata abin da ya kamo, tana ci suna barbara. Binciken masanin halittu Randy Thornhill a kan wani nau'in Amurka ya nuna cewa in toshin ƙarami ne, macen takan rabu da shi da wuri.

Wanda aka kama a saka shi a ƙaramar kwalba mai alkol kashi 70 cikin 100, a hankali don ƙafafun suna saurin karyewa, a rubuta wuri da kwanan wata da fensir a takarda, a jefa ciki.