Yadda Ake Kare Tsokar Majiyyaci Daga Zubewa

Jikin da yake fama da cuta yana buƙatar sinadarin gina jiki, wato furotin, domin warkar da rauni da yaƙar ƙwayoyin cuta, idan kuwa bai same shi a abinci ba, sai ya koma yana cin tsokarsa. Kwanciya kaɗai ma tana rage tsoka, domin wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafafunsu. Wannan tsoka ita ce take ɗaga mutum daga gado, ita ce kuma take ba shi ƙarfin tari da haɗiya, saboda haka bai kamata a jira sai an sallame shi kafin a kula da ita ba.

A fara da lissafi. Ƙungiyar ƙwararrun Turai kan abincin marasa lafiya, ESPEN, tana ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyin tsoho marar lafiya a rana. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 72 zuwa 90. Yana kuma buƙatar kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci yake bayarwa, kimanin 25 zuwa 30 a kan kowane kilo a rana, domin idan abinci mai ba da kuzari ya gaza, jiki zai ƙone furotin ɗin ya yi makamashi da shi maimakon ya gina tsoka.

A raba wannan adadi a kan abincin safe da na rana da na dare, kowanne ya sami giram 25 zuwa 30, kada a tara shi a lokaci guda. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara giram 8, giram 100 na dafaffen kifi ko nama kuma yana da 20 zuwa 30, wake ma yana taimakawa sosai. A nan ne aikin mai jinya yake da nauyi, domin marar lafiya yakan ture kwano bayan loma uku. A zaunar da shi sosai, a fara ba shi ƙwan ko kifin tun bakinsa bai gaji ba, kada a cika masa ciki da ruwa ko shayi gab da cin abinci. Idan ba ya iya cinye adadin a zama uku, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ana ƙara garin madara ko ɗan mai a cikin abin da ya fi so. Idan yana ƙwarewa, ko muryarsa tana canjawa bayan haɗiya, a dakata a sanar da likita, domin abinci yana iya sauka cikin huhu.

Sai abinci ya kasa cika adadin ne ake kawo ƙarin abinci na ruwa irin na asibiti. Ga tsofaffi, abin da ake nema shi ne ya ba da aƙalla kalori 400 da furotin giram 30 a rana, a ci gaba da shan sa har wata guda a sake dubawa. A sha shi tsakanin abinci da abinci, ana kurɓa a hankali, don kada ya maye gurbin cin abincin. Bitamin D yana amfani ga wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙarancinsa. Amma kiriyatin da HMB, sinadaran da ake yawan tallatawa don gina tsoka, shaidar amfaninsu ga marasa lafiya ba ta yi ƙarfi ba, kuma a ganina kuɗin ya fi amfani idan aka sayi ƙwai da madara, sai dai idan likita ne ya rubuta su.

Mutum biyu ba a yi musu wannan lissafi a gida. Mai ciwon ƙoda da bai fara wankin ƙoda ba yawanci rage masa furotin ake yi, likitansa ne zai yanke adadin. Wanda kuma ya yi kwanaki da yawa bai ci komai ba, idan aka ɗura masa abinci farat ɗaya, sinadaran fosfet da fotashiyam da maganiziyam suna iya faɗuwa a jininsa har su taɓa zuciya, don haka a hankali ake ƙara masa tare da gwajin jini.

Furotin ba ya zama tsoka sai tsokar tana aiki. Da izinin likita, majiyyaci ya riƙa tashi daga kujera yana komawa, ko yana ɗaga ƙafa a kan gado, kowace rana. A auna nauyinsa sau ɗaya a mako, amma kada a dogara ga sikeli kaɗai, domin kumburi yana ɓoye rama. A lura da ƙarfin riƙonsa da kaurin sha-raɓarsa, idan kuma ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata 3 ba da niyya ba, a nemi ganin masanin abinci ba tare da jinkiri ba.