Yadda ake ɗora Ubuntu gefen Windows a kwamfuta ɗaya

Ubuntu manhajar tafiyar da kwamfuta ce ta Linux, kamar yadda Windows yake, kuma ɗora shi ɗin kansa ba shi da wuya. Abin da ya fi jawo wa mutane asarar fayiloli shi ne gaggawa tun kafin a shirya Windows, don haka a nan za ka ɓata lokacinka.

Ka fara da kwashe hotuna da takardunka zuwa wata ma'ajiya ta waje. Ka tanadi filashi mai 8GB wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a goge shi kaf. Batir ya cika, caja tana jone. In kwamfutar tebur ce, kar ka taɓa rabon faifai sai da UPS ko inbata, saboda ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki yana iya lalata Windows ɗin gaba ɗaya.

A cikin Windows, buga msinfo32 a wurin bincike ka duba BIOS Mode, wato tsarin da kwamfutar ke bi wajen tashi. In UEFI aka rubuta, dole Ubuntu ma ya hau ta UEFI, in ba haka ba GRUB, wato allon zaɓin da ke fitowa wajen kunnawa, ba zai ga Windows ba. Sai BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan faifai. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da shi a kunne, mai ita bai sani ba. Rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda, sannan ka kashe shi ka jira ya gama kwance faifan. Wanda ya tsallake wannan yakan tarar da allo yana neman makullin da ba shi da shi. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta powercfg /h off. Wannan yana kashe Fast Startup, wanda ke barin faifan a kulle ko da ka ɗauka ka kashe kwamfutar, har Ubuntu ya kasa rubuta komai a kai.

Yanzu ka buɗe Disk Management, ka danna dama a kan C, ka zaɓi Shrink Volume. Ubuntu yana iya zama a 25GB, amma ba da daɗewa ba zai matse. Ba shi 60GB zuwa 100GB. Bar wurin yadda yake, kar ka yi masa fomat.

Sauke Ubuntu 24.04 LTS, mai tallafi har 2029, ka rubuta shi a filashi da manhajar Rufus, ka zaɓi GPT. Wajen kunnawa, maɓallin da zai ba ka damar tashi daga filashin F9 ne a HP, F12 a Dell da Lenovo. Ka fara shiga gwajin Ubuntu daga filashin, ka tabbatar Wi-Fi da sauti suna aiki, sannan ka zaɓi Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager. Erase disk kuwa Windows zai share maka. In mai ɗorawar bai ga faifan ba, galibi Intel RST ne, wani saitin faifai a BIOS, wato allon saitin na'urar, kuma maganinsa shi ne a mayar da shi AHCI. Kar ka juya BIOS zuwa AHCI kai tsaye, sai ka fara sa Windows ya tashi a Safe Mode.

Bayan an gama, agogon Windows zai riƙa sauka da awa ɗaya a Najeriya da Nijar, saboda Ubuntu yana ajiye lokacin na'ura bisa UTC, mu kuwa muna gaba da awa guda. Don gyara wannan, a Terminal ɗin Ubuntu, wato wurin rubuta umarni, rubuta timedatectl set-local-rtc 1. In kuma kwamfutar tana zarcewa Windows ba ta nuna GRUB, shiga BIOS ka ɗaga Ubuntu sama a jerin tashi.